Ɗan da Ya Ture Kwano

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa, kafin ta gama shimfiɗa mayafinta sai ta jefo tambaya: "Malama, yaya Maleshiyar take? Da gaske ne da sassafe suke cin shinkafa?" Na ba da labarin har muryata ta dishe, kuma na lura duk wadda na ba wa sai ta kai shi gaba da ƙarin gishiri. Shekaranjiya a gidan suna aka ce mini wai an kama ni a filin jirgi da daddawa an kulle. To, ba a kulle ni ba. Ga yadda aka yi daga bakin mai ita, wadda ta ƙara kuma ita da Allah.

Autata Fa'iza ce ta kai ni. Mijinta, Malam Kabiru, yana karatun digiri na uku a wata jami'a da ke Jalan Semarak a Kuala Lumpur, gwamnati ce ta tura shi. Haihuwar fari ta zo mata, likita ya hana ta hawa jirgi, ba halin ta dawo gida wanka. Aka ce tunda mai jego ba za ta zo wa ruwan zafi ba, sai ruwan zafi ya je mata. Ni da na yi ritaya daga koyarwa ina zaman gadin gida, ni aka ɗora wa.

Ana gobe zan tashi, da la'asar, maƙwabciyata Hajiya Asabe ta lallaɓo da sandarta. Yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta gane mutum da murya. Tana da ɗa guda, Nura, wanda ya tafi Maleshiya karatu tun mahaifinsa na raye. Bayan rasuwar uban, waya ta fara ja baya, daga nan ta ɗauke ɗif. Ni ban taɓa ganin yaron ba, don ya riga ya tafi kafin mu tare a layin. Ta miƙo mini wani tsohon hotonsa da kayan makaranta, siriri kamar tsinke, da wata hula a naɗe cikin ɗankwali.

"Hular babansa ce," ta ce. "In Allah Ya haɗa ku, ki ba shi. Ba na neman komai a wajensa, Malama. In dai ji yana raye, in ji muryarsa kafin ta Allah ta kasance."

Na ce mata Maleshiya fa ba Kasuwar Kurmi ba ce da za ka tsaya a bakin ƙofa ka tambaya, amma zan yi iya yina. Tana zaune tana shafa ƙulle-ƙullen da nake ɗurawa a jaka, hannunta ya faɗa kan ledar busasshiyar kuɓewa. Ta shinshina, ta yi dariya.

"In kin same shi kada ki ba shi wannan. Tun yana goye ba ya cin kuɓewa. Yauƙinta kawai zai gani ya tashi daga wurin. Na doka, na lallasa, na gaji na ƙyale shi."

Na yi dariya ni ma, na ci gaba da ɗaure kayana.

Hanya dai doguwa ce, ba zan ɓoye muku ba. Daga Kano muka yada zango a wata ƙasar Larabawa, inda na shiga banɗaki zan yi alwala na rasa makunnin famfo. Na murɗa, na danna, na ja, ba ruwa. Wata 'yar tsohuwa mai farin hijabi ta kama hannuna ta tura shi ƙarƙashin famfon, sai ga ruwa. Na ce ikon Allah, shekara da shekaru ina koyar da kimiyya a firamare, famfo ya kunyata ni. A jirgi na biyu sanyi ya ishe ni har na haɗa bargon maƙwabcina da nawa, shi kuwa bawan Allah ya yi kamar bai gani ba. Dab da sauka aka yi wata sanarwa da Turanci, a nutse, cewa duk wanda aka kama da miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan hukuncinsa mai tsanani ne ƙwarai. Na saurara kamar yadda ake sauraron wa'azin da bai shafe ka ba.

A wajen binciken kaya ne aka yi abin da kuke ta yamaɗiɗi da shi. Wata jami'a, yarinya ce ƙarama da ɗan hijabinta, ta buɗe jakata. Daddawa ta yi sallama kafin kowa. Yarinyar ta ja da baya kaɗan, ta daure. Amma da ta zo kan ƙullin kanwa, farare dunƙule-dunƙule, sai fuskarta ta canza, ta kira wata babba. Na ɓantari kanwar na lasa a gabansu, na fito da hoton Fa'iza da tulun ciki, na yi musu bayani da Turancina na aji cewa kunu ake yi wa mai jego da ita. Babbar ta juya kanwar a hannu, ta sa aka duba, ta dawo tana murmushi. Ta nuna daddawar ta ce su ma suna da wani abin miya na jatan lande wanda ya fi wannan tashi, kada in ji kunya. Da kanta ta taya ni zuge jakar. Ban taɓa ganin an bincike mutum tas kuma an bar shi da mutuncinsa haka ba.

Gidan su Fa'iza a Bukit Jalil yake, cikin irin dogayen benen nan da ake ba ɗalibai haya. Hawan da suke, in ka leƙa ta taga motoci kamar ƙwaro. Abin da ya fara ba ni mamaki takalma ne: kowa ya tuɓe nasa a bakin ƙofa a waje, ya shige ya rufe, da safe ya tarar da abinsa. Na yi kwanaki ina shigo da nawa ciki kafin na saki jiki. Mutanen ba sa ɗaga murya. In za su nuna maka hanya, da babban yatsa suke nunawa, wai nuni da manuniya rashin ladabi ne. In kun gaisa sai su kai hannu ƙirji. Ruwan sama kuwa kusan kullum da la'asar, kamar an yi masa alƙawari.

Ban daɗe da zuwa ba Fa'iza ta sauka lafiya, aka samu namiji, angona, mai kunnuwan kakansa. Sai ga matsalar da ban hango ba. Wankan jego ba itace, ba tukunya, ba tsakar gida, ba ganyen darbejiya. Ruwan zafi daga wata na'ura a bango yake fitowa, wanda a ganina ko shayi ba zai dafa ba. Na ce to, ko ba komai ɗakin mai jego ya yi ƙamshi. Na hura gawayin da na zo da shi a kasko, na zuba turaren wuta. Hayaƙi bai gama tashi ba wani abu a silin, ashe na gano gobara ne, ya fasa ihu. Jariri ya ɗauka, Fa'iza na cewa "Mama kashe, Mama kashe," na fito baranda da kasko a hannu, maƙwabta duk sun buɗe ƙofa.

A cikinsu akwai wata tsohuwa 'yar ƙarama, ta naɗe jikinta da farin zane mai tsawo har ka. Ta kalle ni, ta kalli kaskon, ta kalli silin, sai ta fashe da dariya har tana riƙe bango. Raina ya ɓaci, na ce wannan kuma wace ce. Surukarta, wata yarinya mai suna Shirin, ta yi saurin gaya mini da Turanci cewa ba ni ake wa dariya ba. Tsohuwar ita ma a makonta na farko ta soya barkono a man mastad, wani man girkinsu mai hawa hanci, abin nan ya yi mata ihu, ta gudu ta ɓuya a banɗaki. Mutanen Bangaladash ne, ɗanta yana aiki a wani kamfanin na'ura a nan kusa, ita ma renon jika ya kawo ta. Jikan yana kiran ta Dadi, wato kaka ta wajen uba, ni ma na bi sahu.

Washegari Dadi ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da dami guda na ganyen darbejiya, ɗanye shar. A kantin Indiyawa ta samo. Ashe su ma suna wanka da shi. Daga ranar muka ƙulle. Ba ta jin Turanci, ba na jin Bangali, abin da muka haɗa sai salati da bisimilla da alhamdu lillahi, sauran Shirin ta fassara, in ba ta nan mu yi da hannu.

Abinci kuwa na ci iri-iri. Akwai shagunan da suke kira mamak, na Indiyawa Musulmi, inda ake yin wata waina ta fulawa mai laushi ana tsoma ta a miya, da shayin da ake zubawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Shinkafar safen da kuke tambaya gaskiya ce, da madarar kwakwa ake dafa ta, a sa gyaɗa da ƙananan kifi da yaji mai zaƙi-zaƙi, kuma wallahi da daɗi. Wani ɗan itace mai ƙaya da ake kira duriyan ne kawai muka yi hannun riga da shi, wanda ya iya ci Allah Ya ba shi lada. Amma girkin Dadi ya fi zauna mini. Kifi take yi mai ƙaya kamar allurai, ta sa yatsu uku ta zare ƙayar tana hira ba ta ko kallo. Ni na yi rabin sa'a a kan yanka ɗaya. Wani abin da ya ba ni dariya, da ta ji ba na cin abinci a gaban Malam Kabiru, ba na ma kiran sunansa, sai ta riƙe baki. A wajensu mijin 'ya sarki ne, uwar matar ce ke zama a gabansa tana ɗura masa abinci tana yi masa fifita. Na ce a gaya mata mu a Kano in na yi haka sai a ce na taɓu.

Da rana, in yara sun yi barci, Dadi takan baje a tabarma ta yi mana tatsuniya. Na gaya mata mu ba ma yi da rana, an ce mai yi ɓata yake. Ta ce ai ta riga ta ɓata, tunda ga ta a saman bene a ƙasar da ba ta san kowa ba. Ban taɓa ganin mai ba da labari kamarta ba. Kafin Shirin ta fassara na riga na fahimci rabi, don da ido da kafaɗa da yatsun ƙafa take yi. Abin da na lura, tatsuniyoyinsu da yawa a kan masu sojan gona ne: aljani ya rikiɗa ya zama mijin wata, ɓarawo ya sa rawani ya zama malami, wani ya ce shi ɗan masunta ne ƙaya ta maƙale masa a loma ta farko. A namu sau da yawa mai wayo ne tauraro, ya yi yaudara ya sha, mu tafa masa. A nasu kuwa daɗin labarin yana wajen tonon asiri, kuma ba sarki ko alƙali ke tonawa da tambayoyi ba. Wani ɗan abu ne na yau da kullum yake kayar da maƙaryacin.

Ban manta da saƙon Hajiya Asabe ba. Ranar suna gidan ya cika da 'yan Arewa, ɗalibai da matansu, ana ta Hausa rabi Turanci rabi, kowace magana a ƙare ta da "lah". Yaransu ka yi musu Hausa su amsa maka da Turanci. Na ga dama ta samu, na tashi a tsakiyar mata, na sa aka faɗa wa maza ma, cewa ina neman wani Nura. Na faɗi unguwarsu, da sunan uwarsa, da sana'ar marigayi babansa, da cewa idonta ya tafi, da irin hankalinsa da ladabinsa kamar yadda take ba ni labari. Na ce duk wanda ya san shi ya taimaka. Malam Kabiru ya sa cigiyar a zauren hira na waya na ɗaliban Arewa.

Shiru, shiru, har mun kusa arba'in, na fara shirin komawa. Sai wata rana bayan azahar aka yi sallama. Wani saurayi ne kakkaura mai gemu, cikin farar shadda, ƙamshi na tashi. Yana shigowa ya zube har ƙasa.

"Mama, ni ne Nura. Ni ne ɗan Hajiya Asabe."

Ya fashe da kuka. Ni ma na fashe. Ya tambayi idon Umma, ya yi wa Abba addu'a, ya ambaci unguwa. Na duba hoton nan na tsinke, na dube shi, na ce shekaru da cin shinkafar kwakwa suna sauya mutum. Na ce bari in kira gida a kai mata waya. Ya riƙe hannuna.

"Don Allah Mama, not now. Ba zan iya ba, kunya nake ji. Akwai saƙon da na haɗa mata, maganin ido ne da 'yan kaya. Ki kai mata, in ta karɓa ta yafe mini, sai in kira."

Wane ɗan Hausa ne zai ce ka kai wa uwarsa saƙo ka ƙi? Na ce ya kawo. Na tashi zan ɗauko hular, sai angona ya tsala kuka, hankalina ya koma kansa, har baƙon ya yi sallama ya ce zai dawo jibi da kayan.

Dadi tana zaune a gefe duk abin nan, tana tsinke ganye. Da ya fita na rungume ta don murna. Ita ko gezau. Ta sa aka kira Shirin, ta ce a tambaye ni: a cikin duk abin da ya faɗa, wanne ne ban riga na faɗa da bakina ranar suna ba? Na lissafa a raina, ban sami ko ɗaya ba. Na ji haushinta sosai, na ce a raina tsohuwar nan tatsuniya ta cinye mata kai. Ita kuwa ta gyara zama ta fara.

Wai a ƙasarsu ta koguna an yi wata tsohuwa, ɗanta matuƙin kwalekwale ne. Ambaliya ta tafi da shi, aka daɗe ba labari. Kullum sai ta je bakin kogi ta zauna a gindin wata bishiya tana kuka, tana kiran sunansa, tana lissafa halayensa. Ashe akwai aljanin ruwa a saiwar bishiyar, yana ji yana haddacewa. Rannan ya rikiɗa ya fito mata a siffar ɗan. Ya zama ɗan da kowace uwa ke roƙo: ya ɗebo ruwa, ya matsa mata ƙafa, ba ya musu, ba ya tsaki. Ana nan sai ga ɗan gaskiya ya dawo, a rame, cikin tsumma. Gari ya taru. Dattawa suka yi ta tambayoyi, aljanin yana amsawa tiryan-tiryan, har ya fi mai abin, don wahala ta sa ɗan gaskiya ya manta wasu abubuwan. Aka kusa korar sa. Sai tsohuwar ta ce a dakata, ko wane ne ɗanta a cikinsu, yunwa yake ji. Ta shiga ta dafa wani abu mai ɗaci, da Shirin ta kwatanta shi na gane ɗan'uwan garahuninmu ne. Ta ajiye wa kowa kwanonsa ta ce, "Ga abin da ka fi so, ɗana." Na farko ya cinye tas, ya lashe yatsu, ya sa wa hannunta albarka. Na biyu ya leƙa kwanon ya ture shi, ya ce, "Haba Inna! In sha wahalar duniya in dawo, ki tarbe ni da abin da kin san ba na ci?" Tsohuwa ta faɗa kansa tana kuka, aljani ya sulale ya koma ruwa.

Na ce to ai aljanin ya ji komai a bakin kogi, ya aka yi bai san wannan ba? Dadi ta kalle ni kamar ɗalibar da ta yi tambaya mai kyau a makare. Ta ce uwa in tana kukan ɗanta alherinsa kawai take ambata, ba ta tuna abin da yake ɓata mata rai da shi. Ta ce baƙo ne ke yaba komai, ɗan gida ƙorafi yake yi.

Nan na tuna maganar Hajiya Asabe. Ledar kuɓewar nan tana cikin kicin, ko rabi ba mu ci ba.

Ranar da ya ce zai dawo na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuɓewa mai yauƙin gaske, irin wadda in ka ɗaga loma sai ta biyo ka. Na roƙi Malam Kabiru, ta bakin Fa'iza, kada ya fita. Saurayin ya zo da wani kwali an naɗe shi da salatif ta ko'ina. Na ajiye masa kwano na ce, Allah Ya yafe mini ƙaryar nan:

"Ummanka ta ce in na same ka in yi maka wannan. Wai tun kana goye ba abin da kake so kamar kuɓewa."

"Allahu akbar," in ji shi. "Umma ba ta manta ba."

Ya wanke hannu ya zauna. Ina kallo ya tashi da malmala biyu, ya nemi ƙarin miya, yana ci yana share hawaye, wai rabonsa da irin wannan tun ta hannun Umma. Ba tsoro ne ya fara zuwar mini ba, baƙin ciki ne, don na riga na gama shirya yadda zan yi wa Hajiya Asabe albishir.

Da ya gama na ce, "To ɗana, buɗe kwalin nan mu gani. Ka san filin jirgi, sai na san abin da na ɗauka."

"Ai Mama an riga an yi sealing, daga pharmacy ne. In aka buɗe zai lalace."

Malam Kabiru ya miƙo masa almakashi. "Buɗe kawai lah, sai mu sake naɗewa. Akwai salatif a gidan."

Ya yi 'yar dariya, ya ce boleh, ba matsala, amma bari ya sauka ya ɗauko takardar maganin a mota don mu gani da kyau. Ya ɗauki kwalinsa ya fita. Har yau yana ɗaukowa. Aka kira lambarsa, a kashe. Ban san abin da ke cikin kwalin nan ba, ba kuma zan yi masa shaidar abin da ban gani ba. Amma sanarwar nan ta cikin jirgi ta dawo mini kalma-kalma, na tuna yadda aka yi da ni a kan kanwa ma, sai na zauna a ƙasa. Dadi ta shigo ta tarar da ni haka. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta zauna kusa da ni ta riƙe hannuna tana salati.

Malam Kabiru ya sanar da waɗanda ya kamata, ya kuma rubuta gargaɗi a zauren ɗalibai cewa wani yana yawo da sunan Nura ɗan Hajiya Asabe yana neman mai kai masa kaya Najeriya. Ni dai na cire rai. Na mayar da hular ƙasan jaka, ina tunanin da wane baki zan mayar wa makauniya da ita.

Ana saura kaɗan in taso, da hantsi, aka buga ƙofa da ƙarfi. Wani dogo ne ramamme, rigarsa duk tabon mai, yana warin soye-soye. Sallamar ma a ciki ya yi ta.

"Ke ce kika zo daga Kano? Wa ya ce a riƙa yawo da sunan uwata a waya? Yanzu ga shi wani ɗan iska ya ɗauka yana damfara da shi!"

Fa'iza ta yi tsuru-tsuru. Ni kuwa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ce, "Sannu. Zauna ka ci abinci tukuna, ba a faɗa da yunwa." Na shiga na ɗumama tuwo, na kaɗa sauran kuɓewar, na kawo. Ya buɗe kwanon, ya ɗaga cokali, miyar ta biyo shi. Ya yamutsa fuska ya ture kwanon har miya ta zuba a ledar ɗaki.

"Kuɓewa ce. Ni ba na ci."

"Ikon Allah. Ummanka kuwa ta ce ita ka fi so."

Ya miƙe tsaye. "Umma ba za ta taɓa faɗin haka ba. Ke ba ki san uwata ba. Ku ma bakinku ɗaya da shi ke nan."

Ya nufi ƙofa. Kun ji fa, ni ce na koma mai sojan gona. Ban san lokacin da na ruga ɗaki na zazzage jaka ba. Na fito na sha gabansa a bakin lif, ba ko takalmi, na warware ɗankwalin. Ya kalli hular. Ya daɗe yana kallo. Sai ya karɓa da hannu biyu ya kai hanci, ya sulale ya zauna a wurin, a tsakiyar takalman mutane, ya kifa kai a gwiwa. Shi bai yi irin kukan wancan ba, kafaɗunsa kawai ke rawa.

Daga baya ya ba mu labari. Karatun ya tsaya tun bayan rasuwar mahaifinsa, ya yi ta ce wa uwar yana nan yana yi, har ƙaryar ta yi masa nauyi ya daina kira. A kicin ɗin wani gidan abinci a Sri Petaling yake aiki. Ya ga cigiyar tun ranar farko, ya yi shiru don kunya, sai da ya ga an taɓa sunan uwarsa ya kasa zama. Malam Kabiru ya ɗauki maganar takardun zamansa a ƙasar, suna kan bi. Na ce a kira gida yanzu, ya ce a'a, Umma tana da hawan jini, yana so ina zaune kusa da ita in za ta ji muryarsa. Wannan karon na yarda, don na ga dalilin na mai tsoron uwarsa ne.

Dadi ta leƙo ta ga miya a ƙasa, ta ga kwano a ture, ba ta jira fassara ba. Ta tafa hannu, ta koma gida ta dawo da shinkafa da kifinta ta dire masa. Ya ci, yana ƙorafin ƙaya.

Ranar da zan taho ta ba ni kwalbar man mastad, na ba ta sauran turaren wutata. Ta karɓa, ta nuna silin, ta toshe kunnuwa, muka yi dariya har muka koma kuka. Ban san ko zan sake ganin ta ba, kuma har na bar ƙasar ban san sunanta na yanka ba.

Da na iso gida ko jaka ban kwance ba na shiga wajen Hajiya Asabe. Tana zaune a kan darduma. Ta ji muryata ta juyo, ba ta yi mini sannu da zuwa ba, ta kasa. Na zauna na kama hannunta na ce na gan shi, yana raye, yana lafiya, hular tana kansa.

Can ta ce, "Malama, ke ba ki taɓa ganin sa ba. Kin tabbata shi ne?"

Na ce, "Na zuba masa miyar kuɓewa, na ce ke kika ce ita ya fi so. Ya ture kwanon har ya ɓata wa Fa'iza ɗaki, ya ce ban san uwarsa ba."

Ta fara dariya, dariyar ta karye a tsakiya. "Shi ne," ta ce. "Ɗan banza mai taurin kai, shi ne."

Na danna lambar, na kara mata wayar a kunne, na riƙe mata.